Zan gina gida: in ɗauki mai zanen gini na garin, ko in kawo daga nesa?

"Assalamu alaikum. Na sayi fili a garin da nake son komawa da iyalina, amma aiki ya riƙe ni a wani gari mai nisa, ba na samun zuwa sai jefi-jefi. Akwai wani mai zanen gini da na daɗe ina bin ayyukansa a Instagram, gidajensa suna burge ni ƙwarai, sai dai ofishinsa yana da nisa sosai da inda filin yake. Ya ce min ba matsala, zai zana ya turo, magini ya bi. A garin kuma akwai wani da aka yaba min shi, amma gaskiya zanensa bai kai na wancan ɗaukar ido ba. Wannan ne gida na farko da zan gina, wataƙila shi ne kuma na ƙarshe. Wanne ya kamata in ɗauka?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya sanya albarka a filin, ya nuna mana ranar tarewa lafiya.

In na fahimce ka da kyau, zuciyarka tana wajen na nesa saboda kyan aikinsa, hankalinka kuma yana ce maka na kusa zai fi sauƙin sha'ani. Akwai abu na uku da ka faɗa a wuce, wanda a wurina ya fi waɗannan biyun nauyi: kai da kanka ba za ka kasance a wurin ba sa'ad da ake ginin. Idan ka ɗauki na nesa a kan sharaɗin da ya ba ka, za a shafe watanni ana binne kuɗinka a ƙasa, babu mai gida a wurin, babu wanda ya zana gidan a wurin. Wanda zai rage shi ne wanda ake biya ya yi aikin, shi ne kuma zai riƙa duba aikin kansa.

Ra'ayina, bayan shekarun da na yi a wannan sana'a, shi ne gidan zama na iyali ya fi dacewa da mai zanen da ke kusa da filin, muddin ƙwararre ne mai rajista kuma ka ga gidajen da ya gama da idonka. Amma kusanci kaɗai ba shaida ba ce, kuma akwai hanyar da za ka sami zanen da ranka yake so ba tare da ka bar filin ba mai tsaro ba. Bari in bi da kai dalla-dalla.

Me ake biyan mai zane ya yi?

Yawancin mutane sun ɗauka aikinmu shi ne hoton nan na kwamfuta, gida fes da shuke-shuke a gaba da mota a bakin ƙofa. Wannan hoton shi ne mafi ƙanƙantar aikin, kuma shi ne mafi sauƙi. Kafin a kai gare shi, sai an zauna da kai an ji yadda iyalinka suke rayuwa da ƙarfin aljihunka, an je an taka filin, an yi zanen farko an gyara an sake gyarawa. Bayansa kuma akwai zanen da za a kai wa hukuma don neman izini, da zanen aiki wanda magini zai bi, mai ɗauke da kowane awo, wanda dole ya dace da lissafin injiniyan gini da zanen wayoyin lantarki da na bututun ruwa. Sannan a taya ka tantance 'yan kwangila, a kuma sa ido a kan ginin tun daga haƙa har miƙa makulli.

A cikin waɗannan, tattaunawa da zane ana iya yin su daga ko'ina a duniya. Waya da intanet sun sauƙaƙa wannan, ni ma na yi wa mutanen da ke wata ƙasa zane muna magana ta bidiyo. Taka fili, bin takardun izini da sa ido a kan aiki su ne ba sa yiwuwa daga nesa. Shi ya sa maganar nan ta "zai zana ya turo, magini ya bi" ta tsaya min a rai. Abin da yake sayar maka ke nan rabin aiki ne, kuma rabin da ya bari shi ne inda gidaje suke lalacewa. Kamar tela ne ya ɗinka maka riga bai auna ka ba, ya kuma ce ba ruwansa da gwaji.

Abin da filin ya sani, wanda takarda ba ta sani ba

Fara da ƙasa. Filaye biyu da ke unguwa ɗaya suna iya buƙatar tushe iri daban. Akwai ƙasa mai yumɓu da take kumbura idan ta sha ruwa, ta tsuke ta tsattsage idan ta bushe. Gidan da aka ɗora a kanta da tushe irin na kowa zai yi ta motsi sama da ƙasa kowace shekara, sai ka ga tsaga ta taso daga kusurwar taga ta yi sama a karkace, a toshe ta bana ta sake buɗewa baɗi. Akwai filin da tsohon rami ne aka cike shi da shara da ɓaraguzai, samansa lafiya lau, cikinsa bai zauna ba. Akwai inda ruwan ƙasa yake kusa, kana haƙa mita ɗaya da damina sai ka ga yana tsattsafowa, a nan ramin shan ruwan banɗaki ba zai yi aiki yadda aka saba ba. Gwajin ƙasa shi ne ke ba da tabbaci, kuma ina ba kowa shawarar ya yi shi, musamman idan bene ne. Amma wanda ya daɗe yana gini a yankin, tun kafin sakamakon gwaji ya fito ya san abin da zai yi tsammani. Ya san wane gefen gari ne gishiri ke cin bango, ya san inda gara ke ɓarna, ya san layin da ruwa ke kwanciya idan an yi mamako. Ya ga gidan maƙwabcinka tun yana rami.

Maganar ruwan sama ma haka. Filin da aka saya da rani ba ya faɗin gaskiyarsa. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce shingen hana danshi hawa bango ya kasance aƙalla milimita 150 sama da ƙasar waje, amma wannan mafi ƙaranci ne kawai. Idan titin gabanka ba a gyara shi ba tukuna, ranar da aka zo aka yi masa ciko aka shimfiɗa kwalta, sai ya ɗaga sama da daɓen gidanka, ruwan titi ya riƙa shigo maka falo. Na ga gidaje masu tsada da wannan ya same su. Mai zanen da ke garin ya san yadda tituna suke ɗagawa a wurin idan an zo yin su, zai ɗaga maka daɓe tun farko. Na nesa yana kallon layuka huɗu ne a takardar safiyo.

Sai rana, wadda a ganina ita aka fi zalunta a zanen da ake turowa. A ƙasashe masu sanyi na arewacin duniya ana buɗe manyan tagogi ta kudu don rana ta shigo ta ɗumama ɗaki. A yankuna masu zafi kuwa neman tsari ake yi da ita. Bangon arewa da na kudu suna da sauƙin karewa, domin rana tana sama sosai sa'ad da take bugun su, ɗan rufin da ya zarce bango ya isa ya yi musu inuwa. Gabas da yamma su ne matsala, rana tana ƙasa-ƙasa, tana shigowa kai tsaye ta ƙarƙashin kowace rumfa. Shi ya sa ake son dogayen bangayen gida su fuskanci arewa da kudu, a rage tagogi ta yamma, a ajiye sito ko matakala ko banɗaki a can su tare zafi. An taɓa kira na in duba wani gida da aka gina da zanen da aka kawo daga wani wuri. Zanen ba laifi, amma an yi shi ne don filin da ƙofarsa ke kallon wani gefe daban. Da aka ɗora shi a wannan filin, gilashin falo mai tsayi daga ƙasa har sili ya koma yana kallon yamma. Da la'asar na shiga, labule masu kauri duk an sassake, na'urar sanyaya ɗaki tana ta aiki, amma da ka kai hannu kusa da gilashin sai ka ji hucin zafi. Iyalin gidan sun bar wannan falon sun koma zama a wani ƙaramin ɗaki na baya. Mafi tsadar ɗaki a gidan ba mai zama cikinsa sai bayan magariba.

Ƙara da iska da gefen da ruwa ke bugowa. Kowane yanki yana da ɓangaren da hadari ya fi tasowa, bangon wannan gefen da tagoginsa suna buƙatar kariya ta musamman. Rufin da aka ɓoye a bayan katanga yana da kyau a hoto, amma a wurin da ake ruwa kamar da bakin ƙwarya, idan magudanarsa ta yi ƙanƙanta ko ganye ya toshe ta, cikin ɗaki ruwan zai sauka. Kusa da teku kuma gishirin iska yana cin ƙarfe, dole a ƙara kaurin kankaren da ya lulluɓe rodi.

Akwai kuma sanin kayan aiki da masu aiki. Zane yana iya kiran wani irin tubali ko wani irin rufi da babu shi a kasuwar yankin, ko babu maginin da ya iya aikinsa. Abin da ke biyo baya ɗayan biyu ne: ko a kawo daga nesa da tsada, ranar da ya lalace kuma a rasa mai gyara, ko magini ya yi abin da ya ga ya yi kama da shi. Na gida ya san wa ke buga bulo mai kyau da wanda ke cika yashi, ya san kafintan da rufinsa ba ya yoyo. Hausawa sun ce sai da ɗan gari akan ci gari, a harkar gini kuwa maganar ta zauna daram.

Doka da izinin gini

Wannan ba zan tsawaita ba, amma kada ka raina shi. Kusan ko'ina doka ta tanadi wanda zai sa hannu a zanen da za a miƙa wa hukuma. A Amurka kowace jiha ce ke ba da nata lasisin, wanda ke da na wannan jiha ba ya aiki kai tsaye a waccan. A Birtaniya dokar 1997 ta hana kowa kiran kansa da sunan wannan sana'a sai wanda ke cikin rajistar hukumarsu. A Faransa, tun 2017, duk gidan da girman daɓensa ya wuce murabba'in mita 150 dole a sa mai zane mai rajista. A Najeriya hukumar ARCON, wadda aka kafa a 1969, ita ke riƙe da rajistar. Ban da dokar ƙasa, kowace hukumar tsara gari tana da nata ƙa'idojin: tazarar da za a bari tsakanin gini da titi, tsakanin gini da katangar maƙwabci, kason filin da aka yarda a gine, iyakar tsayi. Wanda ya saba da ofishin ya san waɗannan a ka, ya san takardun da za a nema, zanensa yana wucewa ba tare da an yi ta dawo da shi ba. Amfanin na gida a nan sanin ƙa'ida ne. Idan ya ce maka ya san mutane a ciki, za a wuce da abin da doka ta hana, ka guje shi, domin alamar jan fenti a bangonka za a zo a sa, ba a nasa ba.

Ranar zuba kankare

Nan ne nake so ka fi tsayawa, domin nan ne nisa yake cin mutum. A gini akwai ayyukan da da zarar an rufe su ba mai sake ganinsu har abada. Zurfin haƙa, rodin cikin tushe, rodin ginshiƙai da na dakin (wato shimfiɗar kankaren da ake zubawa a saman ɗakuna), bututun da aka binne a ƙasa da cikin bango. Da an zuba kankare, mai kyau da marar kyau kamanninsu ɗaya.

Ga abin da nake dubawa idan na hau kan katako ana gobe za a zuba dakin. Ina ƙirga rodi, ina auna kaurinsu da tazarar da ke tsakaninsu, in gwada da zanen injiniya, domin rodi mai milimita 12 da mai 10 ba a bambance su a hoton waya. Ina duba ko an sa 'yan ƙananan tubalan nan na siminti da magina ke kira biskit a ƙarƙashin rodi, waɗanda ke ɗaga shi daga katako don kankare ya lulluɓe shi ta ko'ina. In babu su, rodin zai kwanta a fatar dakin, ya yi tsatsa, bayan 'yan shekaru ka ga sili yana ɓamɓarowa da jan tabo. A tushe, inda kankare ke taɓa ƙasa kai tsaye, lulluɓin nan yakan kai milimita 75. Ina duba inda aka haɗa rodi da rodi, ko sun hau juna yadda ya kamata. Sannan in je kan baranda, wadda ta fito waje ba ginshiƙi a ƙarƙashinta. A irin wannan wurin rodin da ke ɗaukar nauyi a sama yake zama, saɓanin tsakiyar ɗaki. Leburori suna ta kai da komo da kwanon kankare a ka, suna tattaka shi, sai ya lotsa ya koma ƙasa inda ba shi da amfani. Ba mugunta ba ce, rashin sani ne da gaggawa. Amma barandar da aka zuba a haka tana iya saukowa ranar da aka cire katako, ko ta jira sai ranar da jama'a suka taru a kanta.

Ranar zubin kanta ina son in ga yawan ruwan da ake kwaɓawa. Masu aiki suna son kankare mai ruwa-ruwa don ya fi sauƙin zubawa, kuma duk ruwan da aka ƙara fiye da kima ƙarfi yake ragewa. Bayan an zuba, sai a riƙa shayar da shi aƙalla kwana 7, domin ƙarfin da aka yi lissafi da shi sai a kwana 28 yake cika. Ɗan kwangilar da ke sauri ya kai katakonsa wani aiki zai so ya cire tun lokaci bai yi ba. Wa zai hana shi?

Mai zanen da ke garin, kira ɗaya zai zo. Magini ya ci karo da dutse a inda aka ce a haƙa, ko ya ga awon zane bai dace da na fili ba, kafin azahar an warware. Na nesa kuwa kowace ziyara kuɗin mota ko jirgi ne da masauki a kanka, saboda haka ziyarar za ta yi ƙaranci, za a kuma san ranar zuwansa a shirya masa. Tsakanin ziyara da ziyara, magini ba zai zaunar da leburori yana biyan su yana jiran amsa ba. Zai yanke hukunci da kansa ya wuce. Hoto da bidiyo suna taimakawa, ina amfani da su kullum, amma wanda ya riƙe wayar shi ke zaɓar abin da za ka gani.

Manyan sana'ar ma ba su tsira daga wannan ba. Frank Lloyd Wright ya zana shahararren gidan nan na Fallingwater a jihar Pennsylvania ta Amurka a 1935, alhali ofishinsa yana jihar Wisconsin. Bai turo zane ya naɗe hannu ba, almajiransa ya aika suka tare a wurin suna sa ido. Duk da haka an yi ta jayayya a kan yawan rodin barandun gidan, har masu aikin suka ƙara fiye da abin da zanen ya ce, kuma barandun suka ci gaba da lotsawa shekara da shekaru, sai a 2002 aka yi musu babban gyara aka ɗaure su da igiyoyin ƙarfe. In mai suna irin wannan ya ga wajibi ne ya ajiye mutum a fili, wanda ya ce maka magini ya bi kawai bai yi maka adalci ba.

Kusanci ba shi ne ƙwarewa ba

Kada ka ɗauka ina cewa duk wanda ke da ofis a garin ya cancanta. Abin da ake nema sanin wurin ne da kasancewa a wurin, adireshi alama ce kawai. Mai zanen gini Francis Kéré ofishinsa a Berlin ta ƙasar Jamus yake, amma makarantar firamare da ya gina a ƙauyensu Gando na Burkina Faso, wadda aka kammala a 2001, ta dace da wurin fiye da yawancin gine-ginen da ke kewaye. Ya yi ta da tubalin ƙasar wurin da aka ƙarfafa da ɗan siminti, ya ɗaga rufin kwano sama da sili don iska ta bi ta tsakani ta kwashe zafi, mutanen garin kuma su suka yi aikin tare da shi. Makarantar ta samu kyautar Aga Khan ta zanen gini a 2004, shi kuma ya karɓi kyautar Pritzker, babbar kyauta a wannan sana'a, a 2022, ɗan Afirka na farko da ya same ta. Yana zaune nesa, amma ya san zafin ajin da ya taso a ciki. Idan mutumin da kake so ya taɓa gina gidaje a yankinku ko a wuri mai yanayi irin nasa, nisansa ya ragu da rabi.

Na gida kuma yana da nasa haɗarin, kuma gara ka ji daga bakina. Na farko, sabo. Wanda ya yi shekaru yana aiki da 'yan kwangila ƙalilan, yana haɗuwa da su kullum, yana iya jin nauyin ce wa ɗayansu ya rushe abin da ya yi ba daidai ba. Wani ma yana karɓar kaso daga mai sayar da kaya ko daga ɗan kwangilar da ya kawo maka. Ka tambaye shi kai tsaye ko yana da wata alaƙar kuɗi da waɗanda zai ba ka shawarar ɗauka, kuma ka nemi farashi daga 'yan kwangila aƙalla uku. Idan shi ne mai zane shi ne kuma mai kwangilar, to ka san babu mai duba shi, sai ka nemo wani daban ya riƙa dubawa. Na biyu, maimaici. Wasu suna da zane biyu ko uku a kwamfuta da suke juyawa kowa ya zo. Na uku, wanda ya fi yawa, ba kowa ne ke kiran kansa mai zanen gini yake da horon ba. Iya sarrafa manhajar zane daban, sanin gini daban. Nemi lambar rajistarsa ka bincika a hukumar da ta ba shi.

Game da ɗaukar ido kuwa, ina roƙonka ka raba hoto da gida. Ka ce wa kowannensu ya nuna maka gidan da ya gama wanda aka zauna cikinsa shekara uku zuwa biyar. Ka je, ko ka aika wanda ka yarda da shi, da rana tsaka, in so samu ne bayan an yi ruwa. Dubi ƙasan bango, dubi kusurwar sili, tsaya a ɗakin kwana ka ji ko iska tana ratsawa, ka tambayi matar gidan yadda kicin yake mata. Tambayi mai gidan ko kuɗin da aka ƙiyasta masa da wanda ya kashe sun yi kusa, kuma ko mai zanen yana ɗaukar waya bayan an gama biyansa. Ba mamaki bayan wannan ka ga na garin ya fi yadda hotunansa suka nuna shi, ko kuma ka ga na nesan da gaske ya cancanci wahalar.

Idan ranka ya kafe a kan na nesa

To ka haɗa su biyu. Haka ake yi a manyan ayyuka a duk duniya: baƙon mai zane yana kawo tsari da fasali, na gida mai rajista yana daidaita shi da doka da yanayi, ya sa hannu, ya tsaya a kan aikin. Ba abin da ya hana a yi haka a gidan zama. Za ka biya fiye da kuɗin mutum ɗaya, amma ba ninki biyu ba, tunda raba aikin suka yi, kuma ladan mai zane gaba ɗayansa ƙaramin kaso ne idan aka gwada da kuɗin ginin. Rushe dakin guda a sake ya fi shi tsada.

Sai dai haɗin yana da sharuɗɗa, in ba haka ba ya zama rigima. Na nesan dole ya zo ya taka filin aƙalla sau ɗaya kafin ya ja layi, wanda ya ƙi wannan ka bar shi komai kyan aikinsa. Na gidan kuma a shigo da shi tun zanen farko, kada a kawo masa gamammen zane a ce ya buga hatimi. Mutumin kirki ba zai yarda ya sa hannu a abin da bai bincika ba, wanda ya yarda kuma ba shi kake nema ba. A rubuta a takarda wa ke da alhakin me: wa zai yi zanen aiki, wa zai bi izini, wa ke da ikon amincewa da canji a fili, wa zai tabbatar da cewa an kai matakin da za a biya ɗan kwangila. Magini ya riƙa karɓar umarni daga baki ɗaya, bakin na gida. A kuma rubuta matakan da ba za a wuce ba sai an zo an duba an sa hannu: bayan fitar da awo a ƙasa, bayan haƙa, kafin kowane zubin kankare, kafin a rufe bututu da wayoyi da filasta, da lokacin kafa rufi. Ka ɗaure biyan kuɗi da waɗannan matakan, ka ce duk ziyara a turo maka rahoto a rubuce da hotunan da mai dubawar ya ɗauka da kansa. Wannan tsarin ya wajaba a kanka ko da na gida kaɗai ka ɗauka, tunda ba ka nan.

Akwai inda zan ce ka nemo na nesa ba tare da jinkiri ba: idan babu mai rajista a kusa, ko filin yana da wata matsala ta daban kamar gangare mai tsanani, ko kana son wani irin gini da ba wanda ya taɓa yin sa a yankin. A nan ƙwarewa ta musamman ta fi kusanci, sai a nemi injiniya ko gogaggen mai sa ido a garin ya zama idonsa.

Abin da na faɗa duka shawara ce ta gaba ɗaya da aka bayar daga nesa, saboda haka ita ma tana da iyakar da na nesa yake da ita. Hukuncin irin tushen da filinka ke buƙata na injiniyan gini ne bayan gwajin ƙasa, mai zane ba ya maye gurbinsa, na kusa ne ko na nesa, kuma dokar da za ta hau kanka ita ce ta hukumar da filin ke ƙarƙashinta. A zuwanka na gaba, ka ɗauki na garin ku je filin tare, ka biya shi ladan wannan fitar kaɗai ba tare da alƙawarin komai ba. Ka yi shiru ka ga abin da zai duba. In ya zagaya iyakokin, ya tambayi ina gabas, ya leƙa gidajen maƙwabta, ya nemi sanin inda ruwa ke bi da damina, ya tambaye ka mutum nawa za su zauna da nawa ka tanada kafin ya fara maganar fasali, ka nuna masa hotunan gidajen da suke burge ka ka ji abin da zai ce zai yiwu a wannan filin. Sannan ka kira na nesan ka tambaye shi ko zai zo ya taka filin, kuma ko zai yarda ya yi aiki tare da wani a garin.